Gizo, Harry Potter da Malamin Islamiyyarmu

Ku matso kusa, 'yan uwa, ke ma ƙawata ja tabarmarki ki zo nan gefena, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce, kada masu gida su jiyo mu daga zaure su ce mun fara taɓa malamai. Allah ya tsare mu da taɓa malamai. 'Ya'yanmu za mu taɓa, da 'yar wayar nan da ta shigo mana gida ta zauna daram, da fina-finan matsafa da aljanu da suke kwana kallo a cikinta. Na san kowaccenmu tana da abin faɗa, don ga shi kuna ta murmushi ƙasa-ƙasa tun ban kai ko'ina ba. To ku bari in fara, in na gaji wata ta karɓa, hahaha.

Kun dai san yadda zamanmu yake a nan arewacin Kano, ko ka miƙa Minjibir, ko ka bi ta Dawanau ka wuce Bichi, ko ka nausa Ɗambatta da Makoɗa: gona tana jingine da gona, ƙauye yana hango ƙauye, babu wani daji a tsakani sai kuka da gawo da ɗorawa a tsaitsaye cikin gero. In kika yi tari a ɗakinki, maƙwabciya za ta ce miki sannu ta kan danga. Abin da ya shiga gida ɗaya da hantsi, kafin la'asar ya zaga unguwa. Haka fim ɗin yaron nan mai tabarau, Harry Potter, ya yi mana. Littafinsa kam bai zo ba, wa zai saya, da wane Turancin za a karanta? Ta mimori ya shigo. Ranar Lahadi in an tafi cin kasuwar Ɗambatta, sai samari su raɓe wajen masu tura fina-finai, ɗan tsukukun shago, kwamfuta ɗaya a kan tebur, wayoyi rututu a jikin caji, janareto yana ta ruri a baya. Ka miƙa 'yan canjinka a ɗura maka abin da kake so, Indiya-Hausa irin na su Algaita, da Merlin, da Hatim, da na Kannywood, a ƙara maka da wa'azi don albarka. Wallahi kuwa, duk a mimori ɗaya, malam a sama matsafi a ƙasa, suna zaman lafiyarsu!

Da kaka abin ya fi daɗin kallo. Mu muna zaune bayan isha'i muna ɓarar gyaɗa, su kuma sun cure a bakin rumbu, kawuna sun haɗu a kan waya guda, ko ƙiftawa ba sa yi. Fim ɗin da Turanci yake, amma akwai wani ɗan yayana da ya shiga ƙaramar sakandare, shi ne tafintansu, kuma zan iya rantsuwa rabin abin da yake faɗa daga cikinsa yake fitowa. In Bature ya yi doguwar magana sai ya ce, "Wai ya ce ubanka." Su kuwa su ce, "Kai!" Washegari sai ga ɗana na tsakiya ya karyo karan dawa ya fere, ya tsaya a gaban jakin babansa da aka ɗora wa mangalar taki za a kai gona, ya nuna shi da karan, yana wani yare da ni da na haife shi ban taɓa ji ba, wai sai jakin ya tashi sama. Jaki ya dube shi, ya kaɗa kunne, ya ci gaba da abin da ke gabansa. Ƙanwarsa kuma ta haye tsintsiyar laushi tana zagaya turmi, wai ta tafi makarantar matsafa. Ni dariya har da riƙe ciki. Amma Inna, surukata, ko murmushi. Ta zabura ta fizge karan ta karya, ta dafa kansa tana tofa masa Falaƙi da Nasi, tana cewa yaro ya fara kiran abin da ya fi ƙarfinsa, in suka amsa fa? Kun ji tambayar, in suka amsa fa? Nan take dariyar ta maƙale mini a wuya, hmm.

Ba a jima ba malamin Islamiyyar yaran ya tattara karare cike da hannu, don ashe duk ajin sun zama matsafa, ya yi musu nasiha, ya kuma aiko mana da saƙo mu iyaye mata. Ku tsaya ku ji, kada mu yi saurin cewa malam ya cika tsanani, maganarsa tana da tushe. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa a Bukhari da Muslim, a jere da shirka da kisan kai da cin dukiyar maraya. Ga labarin Haruta da Maruta a Suratul Baƙara, aya ta 102, ga matsafan Fir'auna da suka kara da Annabi Musa, Alaihis Salam. Malam ya ce aljanin cikin fim bai dame shi ba, aljanu ai gaskiya ne, sura guda gare su a Alƙur'ani. Abin da ya dame shi shi ne a ɗauko yaro maraya, mai kirki, abin tausayi, a sa kowa ya so shi, sannan a ce makarantarsa ta tsafi ce, malamansa matsafa ne, kuma da tsafin yake ceton mutane. Yaro kuwa wanda yake so shi yake kwaikwayo. Da saƙon ya iso kowa ta yi shiru tana wasa da bakin zaninta, don mun san ba ƙarya ya yi ba, Allah sarki.

Kuma mu gaya wa juna gaskiya, a Birtaniya inda J.K. Rowling ta zauna ta rubuta labarin nan, yawancin mutane sun ɗauki tsafi abin almara, abin nishaɗi. Mu fa? Mu da har gobe ba ma barin yaro ya bi ta gindin tsamiya da tsakar rana, ba ma zubar da ruwan zafi sai da bisimilla, in magariba ta yi mu kwashe jarirai daga tsakar gida. Waɗanda suka yi makarantar kwana a cikinmu a tsakiyar shekarun 1990 sun tuna lokacin Sumbuƙa, da 'yan mata suka riƙa faɗuwa a makarantun Kano suna fizge-fizge, aka yi ta ɗauko masu ruƙiyya. Wadda ta danne ƙafar ƙawarta ana yi mata karatu tana ihu, ba za ki ce mata ai fim ne kawai ta saurare ki ba. Tsoron Inna na wadda ta ga jiya ne, kayya.

Amma abin da zai ba ku mamaki, ƙawayena, su ma can ba su ƙyale shi ba. Littafin farko ya fito a 1997, na bakwai kuma na ƙarshe a 2007, aka yi fina-finai 8 daga 2001 zuwa 2011, an sayar da littattafan sama da kwafi miliyan 500, kuma tun da wuri wasu Kiristoci suka ce ba su yarda ba, don su ma littafinsu ya haramta tsafi da duba. A Amurka ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu tana ajiye lissafin littattafan da aka fi kai ƙorafi a cire su daga makarantu da ɗakunan karatu, kuma daga 2000 zuwa 2009 Harry Potter ne a kan gaba. A ƙarshen Disambar 2001 wani coci a garin Alamogordo na jihar New Mexico ya hura wuta a fili aka yi ta jefa littattafan ciki. A 2019 wasu limaman Katolika a ƙasar Poland suka maimaita, har wanda ya jagoranci abin ya fito daga baya ya ba da haƙuri. Ta ɓangaren Musulmi kuma, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana shi shiga makarantu a 2002. Kun ga da Inna za ta je Alamogordo da ta tarar da 'yan uwanta, sai dai a rasa yaren da za a gaisa, hahaha.

Abin dariyar ma, ba kowane tsafi suke ƙi ba. A 2005 aka yi fim ɗin Narnia daga littafin C.S. Lewis, shi ma ga mayya, ga dabbobi masu magana, ga durowar kaya da ake shiga a ɓulla wata duniya, amma coci-coci da yawa a Amurka su ne ma suka riƙa kwasar yara suna kai su kallo. Dalili kuwa, zakin da ke ciki an kashe shi ya tashi, kuma marubucin ya gina shi ne a kan abin da Kiristoci suka yi imani da shi game da Annabi Isa, Alaihis Salam. A 2007 kuma, da aka fito da The Golden Compass daga littafin Philip Pullman, mutumin da bai ɓoye cewa bai yarda da addini ba, sai wata ƙungiyar 'yan Katolika ta Amurka, Catholic League, ta ce kowa ya ƙaurace masa. Ashe kowa gidansa yake karewa, yana duba inda labarin zai kai zuciyar ɗansa. Kuma ku lura, tsakanin mai tsintsiya da mai zaki, wanda ya fi taɓa aƙidar ɗan Musulmi kai tsaye ina jin mai zakin ne, shi kuwa da zai shigo mimori babu mai ɗaga kai, sai a ce ai fim ɗin dabbobi ne. Ke dai bari, 'yar uwa.

Mu ma a Kano mun taɓa hura tamu wutar, kun tuna? A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a, hukumar tace fina-finai da ɗab'i da aka kafa tun 2001 ita ma ta matsa wa marubuta da 'yan fim lamba a shekarun. Amma waɗanne littattafai ne suka sha wutar? Na soyayya! Waɗanda muke turawa ƙarƙashin filo, mu karanta da fitilar ƙwai, mu ba juna aro har bangon ya fita. Kar ki sunkuyar da kai, ke ce ma mai kawo mana su, hahaha. A gefensu kuwa, a tebur ɗaya a kasuwa, ga littattafan yaƙi irin na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, maƙil da bokaye da aljanu da takubban tsafi, samari suna saye suna haddacewa, yanzu ma ana sauraronsu a waya, kuma ƙurar da aka tayar a kansu ba ta kama ƙafar ta soyayya ba. Amurkawa sun ji tsoron kada ɗansu ya zama matsafi, mu kuma muka ji tsoron kada 'yarmu ta rubuta wa saurayi wasiƙa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

In kuwa aljani da dodo ne laifin, to ai da mu aka fara. Wace ce a cikinmu ba ta kwanta a cinyar kakarta ta ji Gizo da Ƙoƙi ba? Daskin da Riɗi har fim aka yi shi a Kano a ƙarshen shekarun 1990, muka yi ta tururuwa gidan mai bidiyo. Da muka shiga makaranta kuma, malamai da kansu suka damƙa mana Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku yana zuba labari dare bayan dare don ya hana ɗan sarki Musa fita. Kafin shi akwai Ruwan Bagaja, da ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, inda Alhaji Imam ya yi ta gararamba suna yi wa juna ƙeta shi da Malam Zurƙe, sai da ya dangana da aljanu kafin ya samo ruwan. Gasar nan ce ta haifi Ganɗoki na yayansa, Muhammadu Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, labarin jarumin da ya kutsa duniyar aljanu da takobi. Waɗannan fa 'ya'yan gidan malamai ne, sun sha Larabci sun ƙoshi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa, na 1951, asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne aka yi masa wanka aka naɗa masa rawani. Ko a zauren malamai, ɗaliban da suka yi nisa suna karanta Muƙamar Hariri, labaran Abu Zaidi mai yawo gari gari yana damfarar mutane da zaƙin baki, kuma kowa ya san ba a taɓa yin mutumin ba. Shi ya sa malamai suka rabu, wasu suka ce ƙagaggen labari ƙarya ce, wasu suka ce in mai faɗa da mai ji duk sun san misali ne, babu wanda aka yaudara. Mu dai mun sha waɗannan labaran mun girma, kuma ba mu lalace ba. Ko mun lalace? Ku duba mini fuskar Hajiya, hahaha.

To ina bambancin yake, tunda malamin Islamiyya bai taɓa karɓe Magana Jari Ce daga hannun yaro ba? Na daɗe ina juya abin a raina ina tankaɗe, ga inda na tsaya, ku gyara mini in na kauce. A namu labaran yawanci boka shi ne mugu, jarumi kuwa in ta yi tsanani Allah yake kira, ya ja addu'a, ƙulli ya warware. A Harry Potter da Merlin kuwa, mugu matsafi ne, nagari ma matsafi ne, kuma babu mai ɗaga hannu sama ya roƙi kowa. Wannan bambanci ne na gaske, ban raina shi ba, a nan malam ya fi mu gaskiya. A Merlin ɗin ma, wanda BBC ta yi daga 2008 zuwa 2012, sarkin garin ya haramta tsafi, wanda aka kama kisa ne, amma an tsara labarin yadda yaro zai ji haushin sarkin ya so mai tsafin. Da na ba Inna labari sai ta ce, "Wannan sarki, Allah ya yi masa albarka." Wayyo cikina!

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban, kuma shi na fi so mu taɓa. Tatsuniya tana da mai ita. Kaka ce ke buɗe ta, ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, kuma ita ke rufe ta, ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, mu kwashe da dariya don mun san ƙaryar ta shirga. Yarinya ta san inda labari ya fara, ta san inda ya ƙare, ta san daga nan sai addu'ar barci. Tana da lokacinta ma, sai dare, sai an gama aiki, in kika nema da rana a ce za ki ɓata. In dodo ya yi yawa, kaka tana jin yadda jikinki ya ɗauki rawa a cinyarta, sai ta rage masa haƙora, ta sa Gizo ya tafka wata wauta a yi dariya. Dodon ma ke kike ƙera shi a cikin kanki, daidai ƙarfin zuciyarki. Waya fa? Waya ba ta jin rawar jikin kowa. Abin da ta nuna wa ɗan shekara ashirin shi za ta nuna wa ɗan biyar, da ƙara da duhu da fuskar nan marar hanci ta mugun cikin Harry Potter, kashi na ɗaya ya ƙare na biyu ya hau, babu ƙurunƙus sai caji ya mutu. Fina-finan Harry Potter ɗin ma ba ɗaya suke ba. Na farko-farkon wasa ne da alewa da ƙwallo a kan tsintsiya, na ƙarshen kuwa yaƙi ne da gawarwaki. Yaran Turai da suka fara kallo a 2001 sun girma tare da su har 2011, kuma a Birtaniya, daga na huɗu zuwa na ƙarshe, wanda bai kai shekara 12 ba ba ya shiga silima sai da babba a gefensa. Kun ji fa, su da suka yi abin sun ce sai da babba. Namu kuwa a mako guda suke shanye takwas ɗin, babban da ke kusa da su shi ne ɗan tafintan nan. Shi ya sa yaron da ya yi wa jaki tsafi da safe, shi ne da dare ya ƙi fita fitsari sai an raka shi, jarumin Inna ke nan, hahaha.

Yanzu ku ƙara matsowa, wannan ta cikin ɗaki ce, kada ta fita. Muna ta tsoron tsafin Bature na cikin gilashi, wanda ko kaza bai taɓa kashewa ba, amma yaran nan suna da ido fa. Suna gani lokacin da aka ce maigida zai ƙara aure, wata ta zumbula hijabi har ƙasa ta ce za ta dubiya, ta ɓulle ta bayan gari. Suna ganin ƙullin da aka tura ƙarƙashin katifa, da garin da aka barbaɗa a miya, da abin da aka binne a bakin ƙofa da asuba. Wani lokacin ma yaron ake aika, a ce kai wa Baba mai magani wannan zakaran, kada ka tsaya ko'ina. Ban kira sunan kowa ba, kowa ta daina kallon 'yar uwarta! Hadisin nan na Muslim a kan wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, cewa ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, duk mun ji shi a Islamiyyar matan aure, mun gyaɗa kai. Yaron da ya ga wannan a gida, me Harry Potter zai ƙara masa? Surkullen cikin fim ɗin marubuciyar ce ta harhaɗa abinta, jakinmu shaida ne ba ya aiki. Na bayan gari kuwa yana cinye kuɗin gyaɗa, yana haɗa 'yan uwa gaba, yana kai mutum ga shirka da gaske. In malam zai yi wa'azin sihiri, ni dai roƙona ya fara da mu kafin ya kai kan masu karan dawa. Uhm, na ji an yi tsit.

Maganar ƙonawa kuwa, ni ban ga inda ta kai mu ba. An ƙona na soyayya a 2007, yau ga su nan a WhatsApp shafi-shafi, wasu in kika karanta sai kin rufe fuska, waɗanda aka ƙona ɗin sun zama salihai. Mimori kuma ɗan abu ne da yaro zai ɓoye a kalmasar hula. In kika fasa na gidanki, yana can zauren maƙwabta yana ƙarasa kallon, kuma daga ranar ya daina ba ki labarin abin da ya gani, wannan kuwa ita ce asarar da na fi tsoro.

Ni dai abin da nake yi, in sun haɗa kai sai in jawo kujera 'yar tsugunno in zauna a bayansu da ƙwaryar gyaɗata. Da farko sun tsargu, daga baya suka koma rige-rigen yi mini bayani, kowa yana so a ce shi ya fi ganewa. In aka zo wurin da ya yi muni in ce a wuce. In yaron ya tsaya wa abokansa, ko ya ƙi wulaƙanta na ƙasa da shi, in ce kun dai gani. In aka ɗaga sanda in tambaye su, wa ke rayawa wa ke kashewa? Su ce Allah. Wa ake roƙo in an shiga uku? Su ce Allah. To wannan fa? Su ce ƙaryar fim ce, aikin kwamfuta ne. Shi ke nan, na yi musu ƙurunƙus, a kashe waya, a yi addu'a, a kwanta. Ƙananan kuwa ba sa ganin na ƙarshen, ko za su yi birgima a ƙasa. Malam bai gamsu duka ba, ya ce barin ya fi, kuma ban ce bai da hujja ba. Wadda ta iya hanawa gaba ɗaya, ta kuma tabbata ɗanta ba ya leƙa zauren kowa, Allah ya ƙara mata ƙarfi. Ni dai na san nawa, hmm.

Daren da babu caji kuwa, kasuwar Inna ce ke ci. Su kewaye ta, ta yi ta ja musu rai tana cewa ai ta tsufa ta manta, sai an matsa mata ƙafa tukuna. Rannan suka tambaye ta, wai in aka haɗa Gizo da Harry Potter wa zai yi nasara? Ko tunani ba ta tsaya yi ba ta ce Gizo zai karɓe tsintsiyar da dabara, ya kai kasuwa ya sayar, ya dawo ya taya shi cigiya. Har maigida sai da ya yi dariya daga zaure.

Af, kafin mu tashi, don Allah wadda take da Magana Jari Ce na biyu da na uku a ƙasan adaka ta ba ni aro. Na farkon kawai gare mu, mun gama shi, kuma yaran sun matsa sai sun ji abin da aku ya yi bayan an naɗa shi waziri. Ki taho mini da su gidan suna, na yi alƙawari za su dawo miki da bangonsu.